Mutum Goma, Kwana Goma: Tarihin Ƙungiyar Kokowa ta Jahar Tawa

A shekarar 1975, wato shekarar da ta biyo bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, aka buɗe gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na farko, kuma a birnin Tawa aka buɗe ta. Jihohi bakwai ne suka kawo ƙarfafansu: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Damagaram da masu masauki. Da aka tashi, Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya tafi da sarautar, ya bar mutanen Adar da sharar fili. Daga wannan ranar ce za a fara lissafin shekarun abin da muke kira ƙungiyar Tawa, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce ƙungiya ta fara rayuwarta da shan kaye a ƙofar gidanta.

Na ce "ƙungiya", amma kalmar tana bukatar a tsaya a kanta. In an ce ƙungiyar wasa a Turai, ana nufin wata kafa mai ofis da asusu, mai ƴan wasa da suka sa hannu a kwangila suna karɓar albashi wata-wata, mai yara ƙanana da ake reno don su gaji manya. Tamu ba haka take ba. Mutum goma ne ake tsamowa daga gundumomin jaha, a tara su ƴan makwanni ana ciyar da su ana horar da su, su je su yi kwana goma suna kare sunan jaha, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Duk da haka babu wata ƙungiyar ƙwallo a ƙasar nan da ta taɓa hana ƴan kasuwar Ƙonni ciniki kamar yadda waɗannan mutum goman suke yi. Yadda aka yi ƙungiyar da ke rayuwa kwana goma a shekara ta haura shekara hamsin, da abin da wannan tsari ya ba mu da wanda ya hana mu, shi ne abin da nake so mu duba.

Kafin takobi

Kokowa ƴar kaka ce. Sai an yanke gero an ɗaure damma, an cika rumbu, jiki ya murmure daga wahalar noma, kana ake jin gangar ƴan kokowa. A ƙasar Ƙonni da Illela, daga Alela har Dogarawa, samarin wani gari kan aika wa na wani gari goron gayyata, su kuwa su taso da makaɗinsu da ƴammatan garinsu, a sauke su a ba su fura da tuwo, da la'asar ko da farin wata a kafa da'ira a dandali. Yara ke buɗe fage, sai matasa, manya kuwa sai can ƙarshe, bayan makaɗi ya gaji da kiran sunan uban kowa. Babu agogo, babu alƙali mai usur. Dattawan da suka yi zamaninsu su ne masu raba gardama, kuma hukuncinsu bai cika tashi ba, domin kowa ya ga yadda aka faɗi.

Abin da ake samu a wannan kokowa kaɗan ne in an auna da kuɗi: goro, ƴan sulalla da ake liƙa wa gwani a goshi, wani lokaci riga ko akuya daga hannun mai gari. Babban ladan shi ne suna. Wanda ya ka da gwanin wani gari ya sami bakin magana a gidan surukai, ya sami wanda zai taya shi gayya, garinsu kuma ya sami abin yi wa maƙwabta gori har wata kakar. Wannan ce ƙungiyar asali, kuma in an lura tana da duk abin da ƙungiyar zamani ke tinƙaho da shi. Tana da magoya baya da ba su canja sheƙa, tana da masu reno, domin tsohon ɗan kokowa ne ke koya wa ɗan ƙanensa kamun ƙafa da yadda ake kwance shi, tana kuma da masu ɗaukar nauyi, wato sarkin noma da mahauta da duk mai rumbun da ya fi bukatar gidansa. Abin da ba ta da shi kawai takarda.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika son rubutawa ba. Ɗan kokowa bai shiga fili da ƙarfin damtse kaɗai. Yana shiga da layu da guraye da kambuna, da rubutun sha, da turare, da sharuɗɗan da aka gindaya masa game da ƙafar da zai fara sawa a fili da kusurwar da zai fuskanta. A yankin da Masalata take, inda har yanzu Azna ke taruwa kowace shekara don duba abin da damina za ta zo da shi, ba wanda zai yi mamakin wannan. Malami da boka sun daɗe suna aiki wa mutum guda ba tare da sun haɗu ba. Masu wa'azi sun yi ta suka, musamman daga shekarun 1980 zuwa yau, sun soki layu, sun soki tsiraicin cinya, sun soki cakuɗuwar maza da mata a wurin kallo. An saurare su, an ƙara tsawon wando a ƙarƙashin walki, amma layu ba su ragu ba.

Abin da Kunce ya gani

Sojojin da suka karɓi mulki daga hannun Jori Hamani sun gaji ƙasa da fari na 1973 da 1974 ya durƙusar. Sun rushe jam'iyya, sun rufe majalisa, saboda haka suna bukatar wata hanya ta isa ga talakawa wadda ba ta siyasar jam'iyya ba. Seyni Kunce ya ɗauko Samariya, tsohon tsarin sarkin samari da muƙarrabansa, ya mai da ita hannun gwamnati a kowace unguwa da kowane ƙauye. Gasar kokowa ta 1975 da bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976 tagwaye ne, uwarsu ɗaya. Manufar a fili take: a sa Bazabarme da Bahaushe da Babarbare da Buzu da Bafillace su zauna a inuwa guda suna kallon abu guda, a kuma riƙa zagayawa da taron jaha zuwa jaha don kowa ya karɓi baƙuncin kowa. Kuɗin yuraniyom na Arlit, waɗanda suka yi yawa a ƙarshen shekarun 1970, su suka sa hakan ya yiwu.

Sai dai gwamnati ba ta ɗauki kokowar ƙauye yadda take ba. Ta yi mata sabon gida. An zagaye fili da buhunan rairayi, an sa alƙalai masu usur da agogo, an rubuta abin da ake kira kaye da abin da ba kaye ba, an tanadi gargaɗi ga mai gudun kamu. Mafi girman canji shi ne na tushen biyayya. Da ɗan kokowa na garinsu ne, yanzu ya zama na jaha. Ana fara zaɓe daga ƙauye zuwa kanto, daga kanto zuwa gunduma, daga gunduma zuwa babban birnin jaha, inda ake tace goman ƙarshe. Mutumin Malbaza da na Keita da na Madawa, waɗanda da can abokan karawa ne, suka wayi gari suna cin tuwo a akushi guda, suna kwana ɗaki guda, sunan Tawa rubuce a bayansu. Iyakar da hukuma ta zana ita ce ta koma abin da ake yi wa kuka da guɗa.

Tsarin gasar kansa ya cancanci a bayyana shi, don a cikinsa ne daɗinta yake. Kowace jaha tana karawa da kowace jaha, goma da goma. Tun da aka ware Tilaberi daga Yamai a ƙarshen shekarun 1980 jihohin suka zama takwas, ƴan kokowa 80. Wanda aka kayar sau ɗaya yana ci gaba da kokowa don jaharsa ta tara maki, amma ya fita daga neman takobi. Saboda haka kowace safiya ana ƙirga waɗanda ba su sha ƙasa ba, adadinsu yana raguwa kamar ruwan tabki a bazara, har a kai ga ƴan ƙalilan da za su kara a tsakaninsu. Wannan doka tana da tsanani ƙwarai. Gwanin da ya shekara yana shiri, santsi ɗaya a rana ta biyu ya ishe shi. Ta kuma ba ƙaramin ɗan kokowa wata daraja ta musamman, domin ko ba zai ɗauki takobi ba, yana iya zama sanadin da wani babba bai ɗauka ba, kuma a tarihin gasar an fi tuna wasu da wanda suka kayar fiye da abin da suka ci.

Ga wanda ya yi saura shi kaɗai a tsaye, akwai takobi, da doki da sirdinsa, da babbar riga da rawani. Kayan sarauta ne sak, kuma da gangan aka zaɓe su. Daga takobin ne gasar ta sami sunan da aka fi saninta da shi yanzu, Sabre National a faransance. Kuɗin da ke biye da takobin sun yi ta hauhawa har suka kai miliyan 10 na sefa a ƙarshen shekarun 2010, ban da kyautar ƴan kasuwa da kamfanoni da ake ta shelantawa a lasifika.

Mazajen Tawa

Ba a daɗe ba Tawa ta rama kayen 1975. Kadade ne ya fara kawo mata sarautar, a zamanin da Kantu na Maraɗi da Salma Ɗan Rani na Doso ke cin kasuwarsu, kuma duk wanda ya ratsa tsakanin waɗannan biyun ya kai gida da takobi ba a tambayarsa ƙarfinsa. Kantu sau uku ya ɗauka, filin kokowar Maraɗi sunansa yake amsawa, kamar yadda na Doso ke amsa sunan Salma, na Damagaram na Langa-Langa, namu na Tawa kuma na Hamidin Maidare. A shekarun 1980 Kasu Kazuga ya ɗauko tutar. Shekarun nan su ne Tanja Mamadu yake parfen Tawa, daga 1981 zuwa 1988, bayan ya riƙe Maraɗi, kuma a wancan tsari parfe shi ne uban ƙungiya na haƙiƙa. Shi ke sa a tara hatsi da raguna don sansanin horo, shi ke neman mota, shi ke shan kunya a gaban takwarorinsa in jaharsa ta koma hannu wofi. Kokowar ƴan kokowa a fili take, ta parfe da parfe kuwa a rumfar manya.

Bayan Kasu aka yi Mahamadu Idi, wanda aka fi sani da Komando, sa'an nan Haruna Abdu, da ya ɗauki takobi sau biyu a shekarun 2000, lokacin da shi da Umaru Bindigau na Maraɗi suka raba ƙasar gida biyu. A 2017 gasar ta dawo Tawa, Yahaya Kaka ya riƙe takobin a gida. Shekara 42 ke nan bayan Kantu ya fita da shi ta wannan ƙofar.

Jerin sunaye irin wannan yana ɓoye wani abu. Tsakanin wani zakara da wani akwai shekaru masu yawa da ba a ambata, kuma a cikinsu ne ainihin ƙungiyar take: mutum tara da ke rakiyar na goma, waɗanda ke tara makin jaha, su gajiyar da abokin hamayya kafin ya iso wurin gwaninsu, su koma gida da ɗan abin da bai kai kuɗin buhun taki ba. Akwai makaɗa da maroƙa, akwai ƴan cali-cali masu kwaikwayon ƴan kokowa da tumbin tsumma suna ba mutane dariya tsakanin karo da karo. Marigayi Mustafa Alasan, mai shirya fim da ya yi shekaru masu yawa zaune a Tawa, ya fahimci cewa kokowa wasan kwaikwayo ce cikakkiya. A fim ɗinsa na ƴan tsana mai suna Kokoa dabbobi ne ke kokowar, amma duk wanda ya taɓa zama a fili zai gane kowane ɗayansu.

Abin da ya mai da waɗannan mazaje na kowa shi ne rediyo. Muryar Sahel tana watsa gasar kai tsaye cikin Hausa da Zabarmanci, daga ƙarshen shekarun 1970 kuma talabijin ta shigo, aka riƙa kafa akwati mai aiki da hasken rana a dandalin ƙauyuka. Manomin da bai taɓa zuwa Difa ba ya san sunan ƙauyen ɗan kokowar Difa da irin kamun da ya fi so. A nan bakin iyaka abin ya wuce Nijar. Ƴan'uwanmu na Illelar Amarawa da Gwadabawa da Sakkwato suna bin gasar kamar tasu, ana kuma gayyatar gwanayenmu su tsallaka su yi wasa a can. Mu malaman makaranta mun san makon takobi ba makon jarrabawa ba ne. Wanda ya sa ta a wannan mako shi da kujeru zai yi.

Daga 1975 zuwa 2023 shekara 49 ne, amma gasar da aka yi a Agadas a Disamban 2023 ita ce karo na 44. Wanda ya san tarihin damina da na baitulmalin ƙasar nan ba zai yi mamakin giɓin ba. A can Agadas ɗin ne Kadri Abdu na Doso, wato Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa.

Inda rumbun ke yoyo

Tsarin Kunce ya ginu ne a kan ƙauyen da ke hutawa bayan kaka. Wannan ƙauyen ya canja. Adar ta daɗe da zama ƙasar ƴan cirani, kuma saurayin da ya isa kokowa shi ne daidai wanda ya isa tafiya Abijan ko Legas ko Libiya, ko wuraren haƙar zinariya na arewa. Wanda ya zauna kuma bai zauna don hutu ba. Tun da aka buɗe fadamar noman rani ta Ƙonni, mai faɗin sama da hekta 2,000, wadda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, tun da albasar Galmi ta zama abin da ake lodawa manyan motoci zuwa bakin teku, watannin sanyi sun koma watannin aiki. Wannan alheri ne, ba mai cewa a koma zaman jiran damina. Amma dandalin da ke haifar da ƴan kokowa ya rage haihuwa, kuma ba a gina wani abu a madadinsa ba.

Sa'an nan ga ƙaura. Jihohin da ba su da yawan manoma masu kokowa, da babban birni mai kuɗi, sun koyi ɗauko gwanaye daga inda ake haifarsu. A ba mutum ɗan aiki ko fili ko babur, shekara mai zuwa sai a gan shi da sunan wata jaha a baya. Mutane suna kiran wannan cin amana. Ni ban ga laifin ɗan kokowar ba. Shekarun ƙarfinsa ba su wuce goma zuwa goma sha biyar, gwiwa da kafaɗa ba su da kayan gyara, kuma ya ga yadda waɗanda suka riga shi suka ƙare, ana kai musu gudummawar buhun shinkafa a gaban kyamara. Abin da ke faruwa shi ne sana'a ta riga ta shigo kokowa ta ƙofar baya. Ana saye ana sayarwa, amma babu kwangila, babu inshora, babu abin da garin da ya yi renon zai samu.

Darasi daga garin ƙarfe

Don a ga abin da ƙungiya mai tsayayyen gida ke iya yi, da kuma inda take karyewa, bari mu leƙa wata ƙasa da wani wasa da ba su da alaƙa da mu ko kaɗan. Slobeniya ƙasa ce ta mutum wajen miliyan 2, ba ta kai jahar Tawa yawan jama'a ba. A arewacinta, a gindin duwatsun da suka raba ta da Ostiriya, akwai wani gari mai suna Jesenice, mai mutum wajen 13,000, wanda masana'antar narkar da ƙarfe ta raya. Wasansu shi ne hoki na kan ƙanƙara: mutum shida-shida, kowa da takalmi mai wuƙar ƙarfe a tafinsa yana sulɓi a kan daskararren ruwa, suna korar wani ɗan faifan roba da sanduna masu lanƙwasa. A 1948 aka kafa ƙungiyar garin. Ma'aikatan masana'antar da ƴaƴansu ne ƴan wasan, masana'antar ce ke ba su aiki da lokacin horo. A 1957 suka ci gasar Yugoslabiya karo na farko, suka kuma riƙe ta shekara 15 a jere har 1971, suna ka da ƙungiyoyin manyan birane irin su Belgirad da Zagareb. Kafin Yugoslabiya ta wargaje sun ci gasar sau 23.

Bayan Slobeniya ta sami ƴancin kai a 1991, kasuwar ƙarfen ta tsuke, aka rage ma'aikata da yawa. Ƙungiyar ta ci gaba da cin kofuna a gida, a 2006 ta shiga gasar Ostiriya mai tsada don neman abokan karawa na ƙwarai, bashi ya yi ta taruwa, a 2012 ta rushe. Sai dai abin da aka shuka bai mutu tare da ita ba. Filin ƙanƙarar yana nan, masu horar da yara suna nan, a 2013 aka kafa sabuwar ƙungiya a garin. Anže Kopitar, haifaffen Jesenice, ya ci babban kofin Amurka ta Arewa da ƙungiyar Los Angeles Kings a 2012 da 2014, kuma a 2014 ɗin ƴar ƙaramar ƙasar ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe a wasannin Olimfik na Soci.

Abu biyu nake gani a wannan labari, kuma suna jan juna. Ƙaramin gari mai masana'anta guda yana iya riƙe ƙungiyar da za ta gagari manyan birane, in dai akwai inda yaro zai je kowace yamma ya tarar da mai koya masa. Amma ƙungiyar da ta rataya a wuyan mai gida guda, ranar da ya yi tuntuɓe tare za su faɗi. Mun ga irin wannan a ƙwallon ƙafarmu. Ban da Jangorzo ta Maraɗi da Espoir ta Damagaram da suka ci gasar ƙasa a farkon shekarun 1980, kofin kusan kullum a Yamai yake kwana, kuma a shekarun baya-bayan nan a hannun ƙungiyoyin soja da jandarma da ƴan sanda da duwan da kamfanonin gwamnati, wato masu iya ba ɗan wasa albashi. Akokan kuwa, garin da kamfanin Cominak ya kafa, wanda ya ba ƙwallon arewa suna, ya ga an rufe mahaƙarsa a Maris 2021.

Wasu za su ce a duba Senegal, ita ce ta fi kusa. Gaskiya ne a can ƴan kokowa suna da gidajen horo na dindindin, irin su Fass da Ndakaru, an kafa hukumar tsara sana'ar a 1994, akwai ƴan kasuwa masu haɗa karo, manyan gwanaye kuma sun kai ga karɓar sama da miliyan 100 na sefa a karo guda. A 2018 aka buɗe musu katafaren fili a Pikin. Amma kokowar da ke kawo waɗannan kuɗi mai haɗe da naushi ce, ta fi kusa da a gama dambe da kokowa a tukunya guda, kuma babban gwani yana iya shekara bai yi karo fiye da ɗaya ba. Kuɗin sun taru a hannun ƴan ƙalilan, tarzomar magoya baya kuma ta zama abin da ake shirya wa ƴan sanda. A shekarun da aka riƙa haɗuwa a gasar ƙasashen Afirka ta Yamma, inda babu naushi, ƴan Nijar da ƴan Senegal ne suka fi raba kofunan, alhali namu ba su da ko kashi ɗaya cikin goma na abin da nasu ke da shi. Ban ga dalilin da za mu sayar da gasar da mutum 80 ke shiga da dama iri ɗaya don mu sayi wadda mutum biyu ke cinyewa ba.

Abin da ya rage mana, a ganina, yana tsakanin dandali da takobi, wurin da tsarin 1975 ya bari fayau. Yankinmu yana da abin da Jesenice take da shi, har da ƙari. Malbaza garin masana'anta ne tun tsakiyar shekarun 1960, lokacin da aka fara yin siminti a wurin, kuma an buɗe sabuwar masana'anta a 2019. Galmi da Tsarnawa suna da ƴan kasuwar albasa, Ƙonni tana da fatake da masu motocin sufuri, Badagishiri tana da kasuwar dabbobi. Da kowane ɗayan waɗannan garuruwa zai riƙe ƙungiyar kokowa mai rajista, mai asusun da ba na mutum ɗaya ba, wanda ƴan kasuwa da ƙungiyoyin manoma da ma'aikatar magajin gari da kuɗin ƙofa za su riƙa cikawa, da an sami gasar gundumomi da za ta riƙa zagayawa ranakun kasuwa daga Nuwamba zuwa Maris. Ɗan kokowa zai sami dalilin fasa cirani. In wata jaha ta zo ɗaukarsa, sai ta biya ƙungiyar da ta rene shi, a rubuce. Goman da za su je neman takobi kuma za su fito ne daga wata biyar na karo, ba daga mako uku na cin nama ba.

Akwai wani aikin da ba ya jiran kuɗin kowa, kuma namu ne mu malamai da ƙungiyoyin al'adu. Tarihin da na zayyano a sama na waɗanda rediyo ta kama ne. Gwanayen da suka yi zamani kafin 1975, waɗanda suka koya wa su Kadade, sunayensu suna bakin tsofaffin makaɗa kawai, kuma makaɗan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗalibin koleji a Illela ko Bagaruwa yana da kaka ko maƙwabci da zai iya faɗa masa wane ne gwanin garinsu a shekarar da aka yi kaza, wa ya kayar, wa ya kayar da shi, da wace dabara. Wayar da ke aljihun ɗalibin ta isa ɗaukar muryar. Darasin Hausa na aji uku yana da wurin rubuta labarin baka, kuma sufetocin makarantu ba su taɓa hana a cike shi da kokowa ba.